Shin MRI zai iya auna sinadarin ƙarfe a cikin furostet?

Ɗalibin Hoto:
Assalamu alaikum. Ina karatun ɗaukar hoton asibiti, kuma an koya mana cewa da MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ake auna ƙarfen da ya taru a hantar waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini, kamar wasu masu sikila. Tunda ƙwayoyin ciwon daji suna buƙatar ƙarfe fiye da lafiyayyu domin su hayayyafa, me zai hana a auna shi a furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, a bambance daji da kumburin da tsufa ke kawowa?

Dakta Bala:
Wa alaikumus salam. Tambayarka tana kan hanya, sai dai hanta daban, furostet daban. Ƙarfe yana dagula maganaɗisun da ke kewaye da shi, sai siginar wurin ta dushe da sauri, kuma wannan saurin dushewar ne ake aunawa da ma'aunin da ake kira T2*. A hantar mai yawan ƙarin jini ƙarfen yana da yawan da zai rinjayi komai, amma a furostet ɗan kaɗan ne, ga kuma abubuwan da ke dusar da siginar kamar yadda yake yi: ƙananan duwatsun kalsiyam da suka zama ruwan dare a jikin dattawa, da iskar da ke cikin dubura wadda take manne da bayan furostet, da jinin da ya kwanta bayan an tsakuro nama don gwaji. Saboda wannan jinin ne ma ake so a jinkirta hoton kamar mako shida bayan tsakurar. Tsarin PI-RADS na tantance hoton MRI na furostet, da aka sabunta a 2019, wanda ke ba da maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon yiwuwar daji, bai sa awon ƙarfe cikin ma'aunansa ba.

Malama Hadiza:
Dakta, ina ganin batun kalsiyam yana da mafita, domin dabarar QSM, wadda ke auna yadda nama ke amsa maganaɗisu a hoton MRI, tana raba shi da ƙarfe, kasancewar maganaɗisu yana jawo ƙarfe, yana ɗan ture kalsiyam. Amma a furostet har yanzu aikin bincike ne.

Dakta Bala:
Haka ne, Malama. A ganina ma, inda ƙarfe ya fi nuna amfani shi ne wanda aka sa wa majinyaci ta jijiya. A 2003 wani likitan hoto a Amurka mai suna Harisinghani da abokan aikinsa sun nuna cewa idan aka ba da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe na ferumoxtran-10, aka sake hoto bayan awa 24, lafiyayyiyar kaluluwa takan haɗiye su ta yi duhu, wadda dajin furostet ya shiga kuwa sai ta bar haske a wurin. Asibitin Jami'ar Radboud da ke Nijmegen a ƙasar Holan ya ci gaba da aiki da shi, amma maganin bai bazu zuwa yawancin asibitocin duniya ba.