Jinin maigida na hawa sosai duk ranar da muka je asibiti, don Allah ku ba ni shawara

Uwargida_BK:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara daga masu aikin lafiya ko duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, saboda abin ya fara hana ni barci. Maigidana shekarunsa 48, muna zaune a Birnin Kebbi, harkar shinkafa yake yi, yana yawan zuwa Argungu da Jega sayen shanshera. Tun bara likita ya ce yana da hawan jini aka ɗora shi a kan amlodifin ƙwaya ɗaya kullum. To matsalar ita ce duk ranar da muka je ganin likita in aka auna sai a ga abin ya tashi sama sosai, zuwanmu na ƙarshe 192/114 aka samu, nas ɗin sai da ta kwance ta sake ɗaura masa a ɗaya hannun sannan ta kalle ni ta ce "Hajiya a haka kuka zo a kan mashin?" Aka sa shi ya zauna ya huta aka sake aunawa ya ɗan sauko 178/106. Shi kuwa ko a jikinsa, dariya ma yake yi wai tun yana yaro in ya ji warin asibiti gabansa faɗuwa yake yi, kuma ai a kemis ɗin unguwarmu da aka auna shi 148/92 aka gani, don haka lafiyarsa lau asibitin ne ke tayar masa da jini.

Abin da ni na sani shi ne maganin ba kullum yake sha ba, in zai yi tafiya sai ya bar shi a kan firij, in ya ji garau sai ya ce babu amfanin cika ciki da ƙwaya. Goro ba ya rabo da bakinsa ga shayi mai kauri safe da dare. Kwanan nan kuma yana yawan cewa ƙeyarsa ta yi masa nauyi in ya tashi da safe, sai ya sayi maganin ciwon jiki ya sha. Mahaifinsa Allah ya jiƙansa ɓarin jikinsa ne ya shanye, ni da surukata muka yi jinyarsa, mu ke juya shi mu ke ba shi kunu a cokali, wallahi ba na fatan sake ganin wannan a gidana ga yara duk ƙanana.

Shin da gaske tsoron asibiti na iya kai jinin mutum har 190? Wane awo za mu yarda da shi, na asibiti ko na kemis? Sannan ya zan yi masa magana ba tare da ya ga kamar ina masa fatan ciwo ba, don da na fara sai ya ce na cika ɗaga hankali.

Maman_Walida:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya 'yar'uwa. Ki riƙa dafa masa zoɓo ba sukari yana sha safe da yamma, ki haɗa da tafarnuwa da ganyen zogale, akwai wata maƙwabciyarmu nan Jega da shi ta riƙe har ta daina shan na asibiti gaba ɗaya. Kuma ki rage masa tunani, damuwa ma tana ɗaga shi.

Nas_Gusau:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma irin maigidanki muna ganinsu kusan kullum a wajen awo, bari in miki bayani dalla-dalla ki yi haƙuri da tsawon rubutun.

Maganarsa akwai gaskiya a ciki, akwai mutanen da jininsu ke hawa da zarar sun zauna gaban likita ko nas, abu ne sananne a aikinmu. Balle mutum ya taho kan mashin cikin rana, ya tsaya layin kati, yana jin fitsari, ya ci goro a hanya, wani ma ranar asibiti ba ya shan maganinsa na safe wai don a ga ainihin jinin, duk waɗannan suna ƙara lamba. In kuma mutum mai kauri ne aka ɗaura masa ƙaramin maɗauri a damtse shi ma yana nuna sama da yadda yake. Amma ki lura da abu ɗaya, shi kansa awon kemis ɗin da yake kafa hujja da shi ba lafiya ba ne. Daga 140/90 a asibiti hawan jini ne, a gida kuwa daga 135/85 ake lissafawa. Wato ko a inda ya ce hankalinsa kwance yake jinin yana sama, alhali an riga an ɗora shi a kan magani. Ga mahaifinsa ya yi shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka kar a jingina komai ga tsoro a zauna.

Abin da zai raba gardama shi ne awon gida. Ku sayi na'urar awon jini mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ta wuyan hannu ba ta kai ta inganci ba, kuma ku duba maɗaurin ya zagaye damtsensa sosai. Ya yi fitsari tukuna, kar ya ci goro ko ya sha shayi ko taba minti 30 kafin awo, ya zauna a kujera mai jingina ya huta minti 5, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannun a kan tebur daidai saitin ƙirjinsa, kuma ba magana ba danna waya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya da safe kafin ya sha magani, a sake sau biyu da yamma, haka har kwana 7. Ki samu ƙaramin littafi ki rubuta kowane awo da rana da lokaci, mai kyau da marar kyau duka, kar ki zaɓa. Wannan littafin za ku kai wa likita, ya fi masa amfani nesa ba kusa ba a kan awo ɗaya na ranar asibiti.

Kuma don Allah ranar da kuka koma ki faɗa wa likita gaskiya cewa ba kullum yake shan maganin ba. Da yawa suna ɓoyewa, likita ya ɗauka ƙwayar ce ta gaza ya ƙara wata a kai. Amlodifin ba irin maganin ciwon kai ba ne da za a sha in an ji ciwo, kullum ake sha ko an ji garau, domin hawan jini yawanci ba ya nuna alama, mutum na yawo kasuwa lafiya lau alhali ciwon yana ɓata masa ƙoda da zuciya da idanu a hankali. In kuma ya riƙe shan kullum amma bai sauko ba ba abin tashin hankali ba ne, mutane da yawa sai an haɗa musu iri biyu ko uku. Ku roƙi a yi masa gwajin ƙoda da na fitsari da na suga da na kitsen jini, da gwajin zuciya wanda ake liƙa wayoyi a ƙirji, in da hali a duba bayan idonsa.

Maganin ciwon jikin nan da yake saye ki duba kwalin. In dikilofenak ne ko ibufurofen ko irin haɗin da ake ƙullawa a leda, suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda in aka yawaita, farasitamol ya fi masa sauƙi kafin ya ga likita.

Yanzu abin da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran. In kin auna kin ga 180/120 ko sama, ya huta minti kaɗan a sake, in bai sauka ba ku nemi likita a ranar, ba sai ranar da aka rubuta muku a kati ba. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na yi masa wuya, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko gani ya dushe, ko ciwon kai mai tsanani da bai saba ji ba, ko ya rikice, to sashen gaggawa za ku nufa nan take ko ƙarfe biyun dare ne, ko me na'ura ta nuna. Kar ki tsaya ba shi jiƙo, kar ki ninka masa ƙwaya don ya sauko da sauri, sauke jini farat ɗaya shi ma haɗari ne.

Maman Walida ki yi haƙuri, zoɓo ba sukari ba laifi ba ne, yana ɗan taimakawa, amma ba zai maye gurbin magani ga mai 190 ba. Maƙwabciyar taku don Allah ki ce ta je a auna ta, jin daɗin jiki ba shi ne sauka ba.

Dan_Kabi:

Hajiya ni namiji ne kuma mai wanga ciwo, bari in gaya miki abin da maza ba su faɗi. Lokacin da anka ce min ina da hawan jini nima hakanga na riƙa yi, in sha yau in bari gobe, kuma ba mantuwa ba ce, a majalisa munka ji ana cewa maganin na kashe ƙarfin namiji kuma in ka fara ba ka bari har mutuwa. Wannan maganar ita ka hana maza da yawa sha amma ba mai iya gaya wa matarsa balle nas mace. Da na daure na tambayi likita a keɓe sai ya ce akwai wasu irin da kan taɓa wannan ɓangaren ga wasu mutane, in ya faru canzawa ake yi tunda magungunan iri-iri ne, kuma shi kansa hawan jinin in an bar shi yana lalata jijiyoyi ya kawo matsalar da ake gudu. Nima an taɓa ba ni lisinofiril ya sa ni busasshen tari da dare, na koma anka canza min, shi ke nan. Amlodifin kuma wasu yana kumbura musu ƙafa wajen idon sawu. Duk abin faɗa wa likita ne ba na jefar da magani ba.

Batun yadda za ki yi masa magana, kar ki tare shi gaban yara ko lokacin da ya dawo a gajiye, kuma kar ki riƙa kawo masa zancen mahaifinsa kullum, ya san abin, tsoro ne ma ke sa shi dariyar. Ki samu wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa, ya raka shi asibiti wata rana, akwai tambayar da ba zai yi kina zaune ba. Tunda mutumin fadama ne ki ce masa ya tuna injin ban-ruwa, in ƙarfin ruwa ya yi wa tiyo yawa ba ya nuna komai sai ranar da ya fashe. Na'urar kuma ki ce kema za ki riƙa auna naki, ku zauna tare bayan sallar asuba, ya fi a ce shi kaɗai ne majinyaci a gidan.

Maganin tafiya ki raba shi biyu, sashe a gida sashe a aljihun jakarsa. Ni nawa yana tare da cajar waya, tunda ita ba na manta ta.

Sai tukunya, wannan hannunki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Mu nan miya ɗaya a zuba gishiri a zuba dunƙule huɗu biyar a saka kanwa, ita ma kanwar danginsa ce, sannan a kawo yaji mai magi a barbaɗa a kai. Uwargidana a hankali ta riƙa ragewa tana ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, ban ma gane ba sai da na ci abinci a wani biki na ji gishiri kamar zai yanke min harshe. Wanda ba ki da iko da shi shi ne balangu da kilishi na kan hanya, wannan sai shi da kansa.

Uwargida_BK:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi har na ji sanyi a raina. Malama Nas na duba kwalin da kika ce, dikilofenak ne, na ɗauke shi. Malam Dan Kabi maganarka ta sa na tuna wani abu da ya taɓa faɗa da wasa ban ɗauke shi da muhimmanci ba, zan yi wa yayansa magana. Na'urar da yamma zan aika a sayo. Tambaya ɗaya ta rage, an rubuta mana mu koma sai bayan wata guda, mu jira ko mu koma kafin nan? Kuma yana minshari sosai har wani lokaci sai in ji kamar numfashinsa ya tsaya sannan ya ja da ƙarfi, ko yana da alaƙa?

Nas_Gusau:

Kar ku jira wata guda Hajiya, da irin lambar nan da nauyin ƙeyar da yake faɗa ku yi awon kwana 7 ɗin yana shan maganinsa kullum ku koma da littafin, in kuma kin ga ya kai lambar da na faɗa a sama kafin nan to ranar za ku tafi. Ku tafi da na'urar taku a gwada ta da ta asibiti a ga ko bakinsu ɗaya, da duk kwalayen da yake sha har na gargajiya in akwai. Ranar ya sha maganinsa na safe kamar kullum, ku isa da wuri ya samu ya zauna ya huce kafin a kira shi.

Minsharin nan kuma lallai ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mana nan, ɗaukewar numfashi cikin barci na daga cikin abubuwan da ke sa jini ya ƙi sauka, kuma shi ba zai sani ba tunda barci yake, ke ce mai ji. In kin samu dama ki ɗauki sautin a waya ki kunna wa likitan.