Ina kan ruwa mota ta buge ɗana a kan keke, ina neman shawararku

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 9 ke nan ina zaune da iyalina a Almere, ƙasar Holan, kuma shekara 3 da na fara wasan allon ruwa mai filafili, irin wanda ake ɗaura wa fiffike a ƙarƙashi. Ga wanda bai san shi ba, a ƙasan allon akwai sanda mai tsawon kusan mita ɗaya da fiffike a ƙarshenta, idan iska ta cika filafilin allon ya ɗauki gudu, sai fiffiken ya ɗaga shi ya rabu da ruwa, ƙarar dukan igiyar ruwa ta ɗauke ɗif. Wannan shirun ne ya sa nake ƙaunar wasan.

Ranar Asabar na shiga tafkin Markermeer da hantsi, iska tana kaɗawa daidai ba gardama, ciyawar ruwan da ke sarƙe fiffike da bazara kuma ba ta riga ta taso ba, don haka na shafe awa biyu da rabi ban fito ba. Wayata tana cikin mota kamar kullum. Da na buɗe ta na tarar da kira 14 daga uwargida. Ɗanmu mai shekara 12 yana dawowa daga Islamiyya a kan keke, wata mota da za ta karya kwana dama ta buge tayarsa ta gaba, ya karye a tsintsiyar hannun hagu, goshinsa kuma ya daki ƙasa. Direban ya tsaya ya kira lambar gaggawa ta 112, Allah ya saka masa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne uwargida ta je asibiti da jaririya a hannu, harshen ƙasar bai zauna mata ba, ana tambayarta tana neman wanda zai tsaya mata, ni kuwa ina can tsakiyar ruwa.

An sa masa filasta an sallame shi a ranar. Yanzu ta ce in sayar da kayan wasan, keken kuma a kulle shi har abada. Shin in bi maganarta duka biyu? Me kuma ya kamata mu lura da shi a jikin yaron?

Wata ma'aikaciyar jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba shi lafiya. Ni goshin ya fi damuna a kan hannun. A kwanakin farko ku sa masa ido sosai, idan ya fara amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa har tashinsa ya yi wuya, ko maganarsa ta rikice, kada ku jira wayewar gari, ku kira layin likitocin da ke aikin dare da ƙarshen mako, in abin ya yi tsanani ku kira 112 kai tsaye. Ku rage masa kallon waya da talabijin na 'yan kwanaki. Hannun kuwa a riƙa ɗora shi a kan matashi don kumburi ya sauka, yana motsa yatsunsa akai-akai, kuma idan yatsun suka yi sanyi, suka sauya launi ko suka mutu, filastar ta matse ke nan, a koma asibiti a ranar. Ƙashin yara yana saurin haɗewa, galibi mako 4 zuwa 6, amma likitansa ne zai faɗi ranar da zai sake hawa keke.

Wani mai wasan ruwa ya amsa:

Ɗan'uwa, sannu da wannan tashin hankali. Zan faɗa maka gaskiya: ko kana falo a zaune motar nan za ta buge shi, domin ba kai ke raka shi Islamiyya ba. Inda ka yi sakaci shi ne barin waya a mota, kuma wannan sakacin ya shafi ranka kai ma. Mai fiffike yana nisa da gaɓa cikin 'yan mintuna, idan iska ta mutu ko wani abu ya karye, komawa da iyo a ruwan sanyi ba ƙaramin aiki ba ne. Ni ina sa wayata a jakar roba da ruwa ba ya shiga, in cusa ta cikin rigar kariya, kuma duk minti 40 nakan zauna a kan allo in duba. Hukumar ceto ta KNRM tana da manhaja mai suna KNRM Helpt wadda ke bin sawun tafiyarka a ruwa, ka sauke ta. Kafin ka shiga, ka faɗa wa gida wurin da kake da lokacin da za ka fito, ka kuma cika alkawarin ko iska ta fi kullum daɗi.

Wata Hajiya ta amsa:

Ɗana, kada ka ɗauki maganar matarka a matsayin hukunci a kan allo da filafili. Mace ce da ta kira mijinta sau 14 a ƙasar da ba ta da uwa ba ta da ƙanwa, ɗanta yana jini, ba a ɗauka ba. A gida kafin ta gama salati maƙwabta sun cika tsakar gida, a nan kuwa kai kaɗai ne danginta. Ka ba ta haƙuri ba tare da kawo hujja ba, ka ajiye wasan har a cire filastar, ka kai yaron asibiti da kanka duk ranar da aka ba shi. Sannan ka nemo mutum biyu amintattu a unguwarku, ka sa lambarsu a wayarta, ka kuma taimaka mata ta koma ajin koyon harshe. Maganar sayar da kaya ku bar ta sai zuciya ta huce.

Keken kam ban goyi bayan a kulle shi ba. Yaron nan ya kusa shiga sakandare, kuma a ƙasar nan da keke yara ke zuwa makaranta.

Wani mazaunin Rotterdam ya ƙara:

Malam, akwai hakkin yaron da bai kamata ya salwanta ba. Sashe na 185 na dokar zirga-zirgar hanya yana kare mai keke da mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge su, kuma ga yaron da bai kai shekara 14 ba kotuna sun tsayar cewa ɓangaren mai mota ne ke ɗaukar asarar gaba ɗaya, sai dai in da gangan yaron ya jefa kansa, ko ya yi mugun sakacin da ya yi kusa da hakan. Ga shi kuma mai karya kwana shi ke da alhakin tsayawa wa mai keken da ke tafiya miƙe a hanya ɗaya da shi. Ka karɓi bayanan inshorar direban, ka ɗauki hoton keken kafin a gyara, ka adana kowane rasit. Hular kwano ba dole ba ce a kan keke na yau da kullum a nan, amma ka saya masa, ka kuma bi hanyar tare da shi sau da yawa kana nuna masa yadda zai haɗa ido da direba a mahaɗa.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Yaron bai yi amai ba, yana cin abinci, yatsunsa suna motsi. Hajiya, na yi yadda kika ce jiya bayan isha'i, ta yi kuka sosai, ta kuma amince da keken idan da hula. Kayan ruwan na kai su ɗakin ajiya, maganarsu ba mu taɓa ta ba tukuna. Direban ya kira da safe yana neman izinin zuwa duba yaron ranar Lahadi, na ce masa ya zo.