Mota ta haura kilomita 280,000: me ya kamata in canza a ɓangaren ruwa tun ba ta fara zafi ba?

Direban Nesa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Motar mai silinda huɗu ce, giya otomatik, shekararta 17, ta ci kilomita 280,000 da ɗoriya. Allurar zafi ba ta taɓa wuce tsakiya ba, amma ruwan lagireto ya koma launin ƙasa-ƙasa, kuma duk wata sai an ƙara kamar rabin kofi. Babu takardar da ta nuna yaushe aka canza famfon ruwa ko tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi. Me zan canza yanzu, me zan bari? Wani kuma ya ce in cire tamostat gaba ɗaya don injin ya riƙa shan iska. Haka ne?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi komai, a gano inda rabin kofin nan yake tafiya. Ruwan injin a rufe yake zagayawa, in yana raguwa to akwai ƙofar da yake fita. A bar injin ya huce sarai, a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a hura zuwa adadin da aka rubuta a kan murfin, galibi 0.9 ko 1.1 bar, kada a zarce. A jira minti 15. In allurar famfon ta sauka, sai a bi da tocila: bakin kowane tiyo, inda robar lagireto ta haɗu da alminiyon, ƙasan famfon ruwa, da kafet ɗin gaban fasinja, domin hita, mai ɗumama cikin mota da ruwan injin, na iya yoyo ta can. Busasshen kulant, wato maganin da ake sirkawa da ruwan lagireto, yana barin gari fari ko kore, shi ne alamar.

In ba a ga komai a waje ba, to a duba ciki. Kumfa na tasowa a bakin lagireto injin na aiki, farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi a salansa bayan injin ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara: wannan gaskit ɗin top silinda ne, kuma sabon lagireto ba zai yi masa magani ba.

Murfin lagireto canza shi kawai, ba sai an yi dogon tunani ba. Kulant da ruwa rabi da rabi yana tafasa ne wajen digiri 108 a buɗe, amma ƙarƙashin murfi mai riƙe bar ɗaya sai ya kusa digiri 128. Idan sifirin ɗin murfin ya saki, wannan ratar ta tafi, ruwa ya riƙa gudu zuwa robar ajiya yana zuba. Ka sayi mai lamba ɗaya da na asali. Mai lambar da ta fi yawa zai matsa wa tsofaffin tiyo har su fashe.

Batun cire tamostat kuwa, kada ka yarda. Yawancinsu suna fara buɗewa tsakanin digiri 82 da 88, kuma a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. In babu shi injin zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da ba shi mai da yawa, baƙin mai ya riƙa tara danshi, zobban fistin su ci da wuri. A wasu injinan ma tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin, in an cire shi wani kaso na ruwan ba zai shiga lagireto ba sam. Sa sabo mai lambar zafin asali da sabuwar roba. In yana da ɗan ƙaramin bawul mai motsi a gefe, ya kalli sama don iska ta fita. Ƙananan notocin gidansa ba sa son ƙarfi, wajen 10 Nm ya isa, fiye da haka zaren alminiyon ya kwashe.

Mai Gyaran Lagireto:

Oga ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne lagireton kansa. In mai kan roba ne kuma na asali, dubi launin robar. Baƙa wuluk tana da sauran kwana. In ta koma ruwan ƙasa ko ta yi ƙananan tsaga kusa da bakin tiyon sama, to ta gasu, kuma irin wannan ba ta yin gargaɗi, tsagewa take yi lokaci guda. A shekara 17 ni ina ganin a canza shi. Dalili na biyu: a motoci masu giya otomatik da yawa, bututun sanyaya man giya yana cikin lagireton. In ya huje, ruwa da man giya su gauraya, man ya koma ruwan hoda mai kauri, faifan kulocin giya su lalace.

Tiyo kuma a matsa su da hannu injin na sanyi, musamman dab da kilif. Mai laushi kamar soso, mai kumburi, ko mai ƙara ƙas-ƙas a ciki, duk sun gama. Kada a manta da ƙananan tiyo biyu na hita da ke bayan injin, su ake mantawa da su kuma shekarunsu ɗaya da manyan. Kilif mai sifirin na asali ya fi mai sukurun, domin yana bin roba in ta motse.

Famfon ruwa: in taimin bel ne ke juya shi, a canza su tare, wajen kowane kilomita 100,000 ko yadda littafin motar ya ce, tunda aikin kwancewa ɗaya ne. In fan bel ne, a cire bel ɗin a girgiza fuli. Motsi, ƙara, ko sawun ruwa a ƙaramin ramin da ke ƙasan famfon na nufin ya tashi aiki.

Direban Nesa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To wankin fa? A zuba maganin wanke lagireto? Kuma wane launin kulant zan saya?

Tsohon Bakanike:

Maganin wanki mai ƙarfi ba na ba da shawararsa a tsohuwar mota, yana iya cinye dattin da ya toshe ƙananan huji a hita, yoyo ya ɓullo. Haka maganin toshe yoyo, hitar yake cushewa. Wanke da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, marar asid. Ruwan famfo na barin farar ƙasa a cikin bututu. Zubar da na ciki, cika da tataccen ruwa, kunna hita zuwa ƙarshen zafi, bar injin yana aiki har tamostat ya buɗe, kashe, jira ya huce, zubar. Sau uku ko huɗu, har ya fito garau.

Buɗe magudanar lagireto kusan rabin ruwan kawai yake fitarwa, sauran yana cikin injin. Saboda haka in littafi ya ce tsarin na cin lita 7, fara zuba lita 3.5 na kulant tsantsa, sannan ka cike da tataccen ruwa. In ka zuba wanda aka riga aka sirka, haɗin zai tsinke.

Launi rini ne kawai, karanta abin da aka rubuta a jikin galan ka gwada da littafin motar. Tsohon samfuri mai silikat shekara 2 yake yi, mai dogon zango har shekara 5, kuma gauraya su na rage ƙarfin maganin tsatsa, wani lokaci har ya yi kauri.

Sai fitar da iska. Ɗaga gaban motar kaɗan, buɗe murfi injin na sanyi, tayar da injin, hita a kunne, buɗe notin iska in akwai, riƙa ƙarawa har kumfa ya ƙare kuma fanka ta tashi sau biyu. In hita na busa sanyi injin na da zafi, akwai sauran iska. Washegari da safe a sake duba robar ajiya. Kada a buɗe murfi injin na da zafi, kuma tsohon kulant a rufe shi a galan, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi.

Mai Gyaran Lagireto:

In fanka ba ta tashi ba har allura ta wuce tsakiya, kashe injin ka duba fiyus da rile kafin ka zargi fankar. A yawancin motoci kunna AC na tayar da ita nan take, gwaji ne mai sauƙi.