Musayar waƙa: iyalan sojan tilas a Rasha da Ingila

Bakatsine:
Bismillah. Yau Rasha muka nufa, tun 1705 da Sarkin Rasha Fita Babba (Peter the Great) ya fara ɗiban soja daga ƙauyuka. Ƙwar biyu, amsa-amo "wa".

Sarki ya aiko a ɗebi samari,
Wanda aka zaɓa ba shi dawowa.
A aske goshinsa alamar karɓa,
Uwa ta yi kuka kamar na rasuwa.
Matarsa ba saki kuma ba takaba,
Ga ɗa a baya, hatsi na ƙarewa.

Ɗan Damagaram:
Bakatsine ka tsufa kan baiti,
Karatun tarihi kana mancewa.
A 1793 an yanke wa'adi,
Shekara 25 sai sallamawa.

Bakatsine:
Shekarun nan kake wa guɗa, yaro?
Mai dawowar ai ya zam fatalwa.

Hajiya Mai Alƙalami:
Kun tsaya ƙirgen shekaru, matar fa?

Sun ce ta 'yantu daga mai gandu,
'Yanci ba gona, abokinsa yunwa.
Ɗan da ta haifa a bayan mijinta,
Sunansa soja suke rubutawa.

Na-Kurmi:
Sai Hajiya! Kano ko da me ka zo an fi ka. Mazan nan su ajiye alƙalami.

Malam Na-Zariya:
Ɗan Damagaram, ɗangonka na 3 gurgu ne. Rera shi da baki ka ji. Wa ya taɓa cusa lambar shekara cikin kari?

Ɗan Damagaram:
Malam mai awon ɗangon mutane,
Naka baitin har yau ba fitowa.
Mai aruli ba shi da waƙa,
Sai gyaran kayan masu iyawa.

Malam Na-Zariya:
Wannan ma ɗango na 3 ya gaza. Ƙirga gaɓoɓin.

Na-Kurmi:
Malam ya yi gaskiya, amma shi ma Bakatsine "ba saki kuma ba takaba" ya yi tsawo, an kyale shi don babba ne.

Bakatsine:
Na-Kurmi, da ka yi ko baiti 1 sai mu saurare ka.

Baƙo daga Kumasi:
Ku yi haƙuri, sai yanzu na gani. A Ingila dokar 1757 ƙuri'a ake jefawa don sojan tsaron gida. Mai hali ya biya fam 10 ko ya ɗauki wani a madadinsa.

Ƙuri'a ta faɗa wa talaka,
Mai fam goma yana ta dariya.
Asusun unguwa shi ke ba matar,
Ɗan abin mako, ba ya ƙosarwa.

Malam Na-Zariya:
"Dariya"? Ina "wa" ɗin, Baƙo?

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, mun ji, kai ne alƙali,
Kawo naka mu ma mu yi aunawa.

Ɗan Damagaram:
Hajiya kar ki jira, tun bara yake neman amsa-amo.