Dala miliyan 145 kan ramin da ba a haƙa ba

Na Omaha: Jama'a, yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar. Shekarata shida a sashen ɗaukar hoto na wani asibiti a nan Nebraska. Safar hannu, sirinji, auduga, duk abin da ya taɓa allurar nan mai tururin nukiliya, a ganga mai tambarin rawaya muke zubawa, mu rubuta kwanan wata, mu kulle a ɗakin ƙasa har ƙarfinsa ya mutu. Jiya ma'aikacin jiha ya zo dubawa, ya yi awa uku yana bin ganguna da na'urarsa mai ƙyas-ƙyas. Yau shugabar sashe ta ce bana babu ƙarin albashi, wai kuɗin lasisi da na kwasar shara sun cinye kasafi. Alhali wannan jihar ce ta biya dala miliyan 145.8 a 2005 kan ramin binne ƙaramar sharar nukiliya da aka shirya haƙawa a gundumar Boyd. Ta hana lasisi a 1998, aka maka ta a kotu, alƙali ya ce da mugun nufi ta hana. Ko ganga ɗaya ba a binne ba. Ni dai a ganina asara kawai jihohi ke tafkawa a harkar nan, gwamnatin tarayya ta zo ta karɓi kayanta.

Ɗan Akokan: Ƙarama? Ka ce ƙarama? Zo Arlit in zaga da kai bayan gari. Tun da aka rufe Kominak, mahaƙar yuraniyom ɗin nan ta Nijar, a 2021 aka bar mana tulin dagwalon yuraniyom, kusan tan miliyan 20, iska na kaɗawa. Ai bakin da ya ci dala ne ke kiran guba ƙarama.

Malamin Samaru: A yi haƙuri ƙanena, kun haɗa hanya biyu. Dagwalon ma'adinai daban, a dokar Amurka ma ba rukuninsu ɗaya ba. Sharar da Na Omaha yake magana a kai an kasa ta aji uku, A da B da C. Ajin A su ne tsummoki da safar hannu. Ajin C kuwa, irin matatun da ake cirewa daga tashar nukiliya, doka ta ce a yi masa shingen da zai kai shekara 500. Kenan kalmar ba ta nufin babu haɗari.

Ɗan Akokan: Malam, huhun mutum ba ya karanta aji. Kuma abin da zai shekara 500 yana cizo, wane mai hankali ne zai ce masa ƙarami?

Bakatsine: Ni fa ba ƙaramar ce ta dame ni ba, tururin nan ne. Tururi na tukunya ne da dambu. Abin da ba a gani, ba a jin ɗuminsa, ya zama tururi? Hausar 'yan rediyo.

Malamin Samaru: To ba mu taka kalmar, Alhaji.

Bakatsine: Ba aikina ba ne, ku ne masu albashin jami'a.

Hajiyar Houston: Ku dai 'yan Nebraska ku ce ragwanci ya ci ku. Mu a Texas tun 2012 aka buɗe namu ramin a gundumar Andrews, mu da Vermont. Wasu jihohin ma biya suke a karɓi tasu, jiha ta ɗau kasonta, gunduma ta ɗau nata. Ina asarar?

Na Omaha: Hajiya, da girmanki, ki jira a rufe shi tukuna. Na Beatty a Nevada an rufe a 1992, ya koma hannun jiha. A 2015 ruwan sama ya shiga, wuta ta tashi a ramin. Wa aka kira? Jiha. Na Maxey Flats a Kentucky tun 1977 aka rufe, har yau gadinsa ake. Riba ta 'yan shekaru ce, gadi na jikoki.

Hajiyar Houston: Nevada ba Texas ba ce, ɗana. Kuma wanda ke zaune inda sanyi ke daskarar da majina ba zai koya mini lissafi ba.

Ɗan Akokan: Har yanzu bai janye ƙarama ba fa.

Na Omaha: Ɗan'uwa, ba ni na raɗa sunan ba wallahi.

Bakano: Ku mutanen Nijar komai sai kun kawo Arlit. Shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a ƙasarku, amma wutar Yamai daga wajenmu take zuwa.

Ɗan Akokan: Wutar da kuka yanke mana a 2023? Ku da ke kwana da janareta a ƙarƙashin taga, har kuna da bakin gori?

Bakano: Ko a duhu muke, ba mu bar Faransa ta kwashe ta bar mana tsakuwa ba.

Ɗan Akokan: Je ka Ogoni, inda haƙar mai ta lalata ƙasa, ka faɗi haka.

Malamin Samaru: Don Allah a dawo kan magana. Batun tarayya ta karɓa da Na Omaha ya kawo, ai majalisar Amurka ce da kanta ta ɗora wa jihohi nauyin a dokar 1980. Gyaran 1985 ma ya ce jihar da ta kasa samar da rami, sharar ta zama mallakinta. New York ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke wannan sashen a 1992. Akwai wanda ya san nawa hukumar jiharsa ke kashewa a shekara kan masu dubawa, nawa kuma take karɓa a lasisi? A nan ne za a gane ko asara ce.

Bakatsine: Malam, ka ce tururi ko ba ka ce ba?

Hajiyar Houston: Dare ya yi a nan, bari in taƙaita tunda ni ce babba. An amince cewa Nebraska ce ta jawo wa kanta, tsarin Texas kuma ya fi, ba wanda ya kawo hujjar da ta karya wannan. Batun ƙarama, Ɗan Akokan ya ɗan fi gaskiya, a bar masa. Bakano ya nemi afuwa. Tururi kuma mun bar wa malamai.

Bakano: Yaushe na nemi afuwa?

Na Omaha: Wa ya amince, Hajiya? Kuma albashina fa, ba wanda ya ce ko sannu.