Ɗan aike ko wakili? Gardamar ƴan Tawa kan ƴan majalisa

Alhaji Ɗan Galmi: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗi abin da ke ci mini rai, wanda zai ji haushi shi ji. Kowace shekara in anka cire albasa a watan uku da na huɗu, kasuwa ta faɗi ƙasa warwas, mai rudu, rumbun ajiyar albasa, shi zuba a rudu, marar rudu shi saida da hasara, wadda anka ajiye kuma zafi da danshin damina su ɓata ta. Daga 2011 har 2023 majalisar dokokin Nijar tana zaune a Yamai. Ku nuna mini doka guda, guda tak, wadda ta fito daga kukan manomin albasa. Ɗan majalisa ɗan aike ne, kuma irin ɗan aiken da ake ba saƙo shi cinye a hanya.

Metur Sani: Wa alaikumus salam Alhaji. Kukanka yana kan hanya, amma kalmar "ɗan aike" ba ta zauna ba. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, aya ta 87, cewa ta yi kowane ɗan majalisa wakilin ƙasa ne baki ɗaya, kuma duk wani umarni na dole da aka ɗora masa kan yadda zai yi ƙuri'a, banza ne a idon doka. Wato ko Galmi duka ta taru ta ce masa je ka ce kaza, doka ba ta tilasta masa. Ɗan aike ana tuhumarsa in bai kai saƙo ba. Wannan kuwa ba ka da inda za ka kai shi ƙara sai akwatin zaɓe bayan shekara 5.

Alhaji Ɗan Galmi: To Metur, ranar kamfe mi ya sa ba su karanta muna ayar ba? Cewa suke "ku aike ni Yamai". Kowa ya ci ladan kuturu ai sai shi yi mishi aski.

Issufu Keita: Ɗan aike ne mana, amma ba naku ba. Na jam'iyya ne. Metur ka ƙarasa ayar, kada ka tsaya a inda ya yi maka daɗi: wanda ya fita daga jam'iyyarsa da kansa ya rasa kujera, mai jiran gadonsa ya hau. Wanda ke iya raba ka da kujera shi ne ubangidanka.

Metur Sani: Wanda jam'iyya ta kora kuma yana riƙe kujerarsa a matsayin ɗan ba ruwanmu. Ka ƙarasa kai ma.

Hajiya Rabi: Ku bar jan kalma ku dubi yadda aka zaɓe su, nan ne ciwon yake. Daga 2016 zuwa 2023 kujeru 171 ne: 158 na jahohi takwas, 8 na mazaɓu na musamman kamar Tasara a nan jaharmu, 5 na ƴan ƙasa mazauna waje. Waɗannan 158 ɗin ba gari-gari ake zaɓensu ba. Jaha duka mazaɓa ɗaya ce, jam'iyya ta jera sunaye, kai ka dangwala wa jam'iyya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'u. Saboda haka mutumin Galmi ba ya da "ɗan majalisarsa" a takarda. Yana da dukansu na jahar Tawa, wanda ke nufin in abu ya lalace ba ya da ko ɗaya. Na Konni ya ce ai na Madawa ne, na Madawa ya ce ai na Malbaza ne.

Malam Habibu: Ni kalmar ce ma ban so. Ɗan aike yaro ne da ake ba dala ashirin ya sayo goro. Dattijo mai furfura, wani ma alhaji ne, a ce masa ɗan aike? A ce manzo mana.

Issufu Keita: Manzo kuma Malam? Ka ƙara ɗaga shi sama ke nan.

Malam Habibu: Manzon sarki nake nufi, kada ka juya mini magana.

Sakatare Abdu: Ina roƙo a saurara kaɗan. Alhaji ya tambayi doka, amma yawancin kukan da ya lissafa ba doka ke maganinsa ba, kuma nan ne koke-koke ke mutuwa. Kundin ya raba abin da majalisa ke yi wa doka da abin da gwamnati ke tsarawa da dekere ko arete. Haraji, kasafin kuɗi, laifi da hukunci, manyan ƙa'idojin filaye, waɗannan na majalisa ne. Kuɗin da ake karɓa a tashar albasa ko wurin zama a kasuwa, wannan je ka wurin magajin gari. Shingayen hanya, wannan na ministan cikin gida ne da na sufuri. In ɗan majalisa ya rubuta ƙuduri kan abin da ba hurumin majalisa ba ne, gwamnati tana iya cewa ba ya karɓuwa, shi ke nan an rufe.

Abin da ɗan majalisa ke da shi a hannu kuwa ba ƙuduri kaɗai ba ne. Akwai tambaya a rubuce, minista ya amsa a rubuce. Akwai tambayar baki a zauren majalisa. Akwai tambaya kan abin da ke faruwa a lokacin. Akwai kiran minista ko firaminista ya zo ya yi bayani, kuma kundin ya ce ba su da ikon gujewa. Akwai kwamitin bincike. Duka ta hannun shugaban majalisa suke bi zuwa ga gwamnati. Takardar da ke aiki kuwa ba mai "muna shan wahala, a taimake mu" ba ce. Shafi ɗaya ko biyu: wane gari, wane wata, buhu nawa, nawa ake biya a kowane shinge kuma wa ke karɓa, akwai rasit ko babu, wace doka ce ta ce a karɓa, sannan abu guda da kuke so a yi. A sa tambarin ƙungiya, kamar ANFO ta masu albasa ko ɗakin manoma na jaha, a ajiye kwafi mai kwanan wata. Minista yana iya zamewa daga kuka, yana wuya ya zame daga rasit.

Alhaji Ɗan Galmi: Sakatare, manomin da bai shiga lakwal ba, shi za shi rubuta duk wannan? To mi ne ne aikin ɗan aiken?

Metur Sani: Ka sake faɗa.

Alhaji Ɗan Galmi: Zan faɗa har gobe.

Zakari Yamai: Ni dariya kuke ba ni. Shekara goma mulki yana hannun ƴan jaharku, a zaɓen Disamba 2020 jam'iyyar PNDS Tarayya ta kwashe kusan rabin majalisa, yau kuma ku ne masu kukan ba a kai saƙo ba. Mu ƴan Yamai mu ce mi?

Hajiya Rabi: Zakari, shugaban majalisa na 2011 zuwa 2014 ɗan wace jam'iyya ne? Hama Amadu ne, na Lumana. Na ƙarshe, daga 2021 zuwa 2023, Seini Umaru ne na Nasara. Kowa ya zauna bisa kujerar nan, kada ka ɗora wa Adar, ƙasarmu ta Tawa, kaɗai.

Zakari Yamai: Shugaba guduma kawai yake bugawa Hajiya, masu rinjaye ke ɗaga hannu. Dokar kasafin 2018 fa? Mutane sun cika titi a Yamai tun Oktoba 2017, an zartar da ita duk da haka, a Maris 2018 aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula. Saƙo ya fi wannan ƙara?

Garba Madawa: Bazabarme ya koyi Hausa jiya, yau yana koya muna siyasa.

Zakari Yamai: Bagobiri, bawa ba ya magana in iyayengijinsa na zance. Je ka gyara zanen fuskarka.

Garba Madawa: Ka ji ɗan aiken gaskiya, shi ne wanga.

Metur Sani: Ku bar wasan tabastaka mu koma. Alhaji ya ce me ya hana ɗan majalisa ya kawo doka da kansa. Ikon yana cikin kundin 2010: gwamnati da ƴan majalisa duka suna da damar gabatar da ƙuduri. Amma ga tarkon. Duk ƙuduri ko gyaran da ɗan majalisa ya kawo, in zai rage kuɗin shigar gwamnati ko ya ƙara mata kashe kuɗi, ba ya karɓuwa sai ya nuna inda za a samo madadinsa, ko wani haraji ko wani tsimi daidai da shi. A ce yana so a gina rumbunan ajiyar albasa, kashe kuɗi ne. A ce a rage harajin fitar da ita, rage shiga ne. Dole ya zo da lissafi, kuma masu lissafin suna ma'aikatar kuɗi, ba ofishinsa ba. Shi ya sa kusan duk dokokin da kuka ji an zartar daga taron ministoci suka fito.

In ma ya tsallake wannan, tafiyar da sauranta. Ya ajiye a ofishin shugabannin majalisa, a sanar da gwamnati, a miƙa wa kwamitin da abin ya shafa cikin kwamitoci bakwai na dindindin. Albasa, kwamitin raya karkara da muhalli, na kuɗi kuma ya ba da ra'ayi. Kwamiti ya saurari minista da masu sana'a, ya rubuta rahoto. Sai taron shugabanni ya sa shi cikin jadawali, kuma nan ne ƙudurin ɗan adawa ke tsufa a durowa, don zaman da aka saba biyu ne kawai a shekara, na farko bai wuce kwana 90, na biyu na kasafi ne, ƙudurorin gwamnati sun cika layi. In an kawo shi zaure, a bi shi aya-aya, a yi ƙuri'a. Shugaban ƙasa yana da kwana 15 ya sa hannu, ko ya maido a sake dubawa. Kashi ɗaya cikin goma na ƴan majalisa suna iya kai shi kotun tsarin mulki kafin sa hannu. Ya fito a jaridar gwamnati, sannan a zauna jiran dekeren aiwatarwa, wanda in bai fito ba dokar tana nan kamar mota babu taya.

Issufu Keita: Duk wannan dogon bayani ya tabbatar da maganata. Ƴan ɗaga hannu ne.

Hajiya Rabi: Ba kullum ba. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'a 62 cikin 113, kan batun kuɗin ilimi. A 2006 ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata bayan malamai da ƙungiyoyin addini sun tashi tsaye. Ko ka so abin ko ka ƙi shi, saƙo ne ya fito daga waje ya shiga zaure ya juya ƙuri'a. Bambancin masu albasa da malamai shi ne malamai sun tafi tare, kuma sun tafi kafin ranar ƙuri'a. Kasafi ma haka yake: ma'aikatu suna shirya nasu tun tsakiyar shekara, wanda ya zo da kuka a Nuwamba ya zo fafe gora ranar tafiya.

Malam Habibu: Hajiya, "ko ka ƙi shi" ɗin nan me kike nufi? Akwai mai ƙin abin da malamai suka tsaya a kai cikin gidan nan?

Hajiya Rabi: Malam, don Allah kada ka buɗe wannan ƙofa. Misali na kawo.

Malam Habibu: Misali ma ana zaɓensa.

Issufu Keita: Kuma mata da dokar kaso ta shigar, daga kashi 10 a 2000 zuwa 25 a 2019, wace doka suka kawo?

Hajiya Rabi: Maza da suka riƙe sauran kashi 75 ɗin, lissafo mini tasu tukuna, ƙanena.

Zakari Yamai: Wai duk wa kuke wa wannan faɗa? Majalisar ta tashi tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kundin da Metur ke ta karantowa an jingine shi, jam'iyyun ma an rushe su a 2025. Yanzu majalisar shawara ce, wadda aka girka a Yuni 2025. Naɗa su aka yi, shawara suke ba da wa, doka kuwa ordonansi ce shugaban ƙasa ke sa wa hannu.

Garba Madawa: Gara haka. Aƙalla akwai sarakuna da manoma a ciki, ba a raba atamfa da shinkafa ba kafin su shiga.

Zakari Yamai: Wanda ba ka zaɓa ba, ta yaya za ka sauke shi?

Garba Madawa: Wanda ka zaɓa, ka taɓa sauke shi?

Sakatare Abdu: Takardar da na bayyana ba ta canza ba, ƙofa ce ta canza: shugaban riƙo na komin, perefe, gwamna, ko ɗan majalisar shawara na yankinku.

Alhaji Ɗan Galmi: Har yanzu ba wanda ya nuna mini dokar albasa.

Metur Sani: Kai ma ba ka nuna muna takarda guda da masu albasa suka ajiye aka cinye ba.

Alhaji Ɗan Galmi: Kowa ya sani an kai.

Metur Sani: Wa? Yaushe?

Alhaji Ɗan Galmi: Ka tambayi kowa a tashar Galmi.

Garba Madawa, mai kula da zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da anka cimma: kusan kowa ya yarda da Alhaji cewa ɗan majalisa ɗan aike ne kuma bai kai saƙo ba. Metur ya kawo ayoyi masu yawa amma na kundin da ba ya aiki, Allah shi saka. Sakatare ya yi bayanin takarda, mai so shi neme shi ta gefe. Hajiya da Malam su sasanta tsakaninsu. Zakari ya shigo da siyasa, wanda dokar gidan nan ta hana, wannan gargaɗi na biyu ne. An kuma fahimci tsarin yanzu ya fi kusa da talakka.

Hajiya Rabi: Wa ya fahimci haka? Kai kaɗai ka faɗe shi.

Metur Sani: "Kusan kowa" mutum uku ne, har da kai.

Garba Madawa, mai kula da zaure: Na rufe. Gobe da safe masu farashin buhu a Galmi da Tsarnawa su turo.