Yarona na fama da ƙaiƙayin fata, a taimaka da shawara

Maman Sadik: Salam yan uwa dan Allah a taimaka min, yarona ɗan shekara 3 ne fatarsa ta bushe tayi kaushi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, wajen har yayi baƙi yayi kauri, da daddare baya barci sai susa har jini yake fita, tunda hunturu ya shigo abin ya ƙaru. Me zan shafa masa?

Ummu Haidar: Wslm Allah sarki, kyasbi ne wannan ki nemi sabulun salo ki dinga dirje wajen da soso

Anti Nas: A'a Ummu Haidar kar ta dirje. Kyasbi tabo-tabo ne fari ko baƙi a ƙirji da baya da wuya, baya hana barci, shi man clotrimazole ko shamfu na ketoconazole ake sa masa. Wannan da ta kwatanta yafi kama da eczema, fatar ce bata riƙe danshi shi yasa take tsagewa tana ƙaiƙayi. Maman Sadik akwai mai asma ko yawan atishawa a gidanku?

Maman Sadik: Eh Anti babansa yana da asma

Anti Nas: To kinji, tare suke tafiya a dangi. Kuma ba'a ɗauka, kar ki raba masa shimfiɗa da yan uwansa

Hajiya Inna: Yata man kaɗanya zalla, wanda ba'a haɗa da turare ba. Jikata haka tayi tun tana jaririya a kumatu ya fara mata, muna fitowa daga wanka jikin da sauran lema muke lafta mata, safe da rana da dare, ba wai ɗan shafa na kwalliya ba a'a ki cika hannu

Anti Nas: Gaskiyar Hajiya, ko basilin fari ma yayi. Man shine rabin maganin, cikin minti 3 da fitowa wanka, kuma ko ya warke kar ki daina. Ruwa mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba duk da nasan da sanyin nan zafi muke zubawa yara, wankan kar ya wuce minti 10, banda soso, banda sabulu mai ƙamshi ko na kashe ƙwayoyin cuta, banda zuba detol a ruwa

Maman Twins: Ni wani mai na siya a kemis irin mai haɗi uku ɗin nan, wlh kwana kaɗan ya goge tas

Anti Nas: Shi nake tsoro Maman Twins. Yawancinsu akwai sitiroid (maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayin fata) mai ƙarfi a ciki irin clobetasol ko betamethasone, zai kwanta da sauri amma in aka daɗe ana shafawa fatar yaro tana sirancewa tayi haske ta fara nankarwa, kina dainawa ya dawo da ƙarfinsa. Wanda aka saba farawa yara dashi hydrocortisone ne 1%, siriri akan inda ya tashi kawai, kamar sati ɗaya zuwa biyu, shima gara likita ya gani ya rubuta musamman in fuska ce

Maman Twins: Innalillahi ni ko a fuska nake sa musu, na daina

Zee: Ki duba kayan sawarsa ma, rigar sanyi mai gashi-gashi tana tayar dashi ki sa masa ta auduga a ciki. Kuma ki ɗauraye wanki sosai omo kar ya zauna. Ni nawa turaren wuta da humra ke tayar min, sai da na daina turara kaya

Hajiya Inna: A yanke masa farce kuma, da dare a sa masa safa a hannu

Maman Sadik: Nagode sosai Allah ya bar zumunci. Maganin ƙaiƙayin na sha fa, naji ana cewa Piriton?

Anti Nas: Yana sa barci ne dai ya samu sauƙin dare amma baya warkar da fatar, kar ki bashi da ka, a auna masa daidai shekarunsa. In kinga wajen yana ruwa ko ɓawo ruwan ɗorawa ko ƙuraje masu mugunya ko zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, asibiti kai tsaye. Wane gari kike?

Maman Sadik: Kano

Anti Nas: Akwai likitocin fata a asibitin Malam Aminu Kano, ki fara zuwa asibitin kusa dake su baki takardar turawa, ki tafi da duk mayukan da kika taɓa shafa masa su gani